Dawar Ubangiji a Gonar Labo

Maharazu ya tsallako daga Nijar da ranin 1965, da matarsa Shafa'atu, da 'yarsu a goye, da wata doguwar hauya a kafaɗa. Laifinsa a can jaki ne. Wasu baƙi sun ɗauki hayar jakinsa ya kai musu buhuna wani ƙauye, ashe bindigogi ne a ciki. Da gwamnati ta fara kame sai aka kama baƙin, aka kama jakin, aka shiga neman mai jakin.

Ba neman addini ya kai shi mishan ba. Musulmi ne, da carbinsa. Zazzaɓi ne ya kama yarinyar a hanya, aka ce musu akwai ɗakin magani a wata unguwar Maguzawa bayan Ƙarfi, inda ba a tambayar mutum daga ina yake. Yarinya ta warke. Su kuwa ba su da inda za su.

Mai bisharar wurin, Malam Yusufu, ya yi murna ƙwarai. Ya daɗe yana wa'azi a kan karɓar baƙo, bai taɓa samun baƙon da zai gwada a kansa ba. Ya sauke su a ɗakin ajiyar kayan makaranta, ya aika wa Baturiyar mishan a Malumfashi. Ta zo da kanta a mota, ta yi ɗan hawaye, ta bar musu buhun madarar gari da manyan kwat biyu na ulu, waɗanda masu bi na Amirka suka aiko. Ana tsakiyar bazara, ƙadangare ma inuwa yake nema. Maharazu ya yi godiya. Bayan motar ta tashi ya ɗaga kwat ɗaya ya ji nauyinsa, ya tambayi Malam Yusufu ko shimfiɗar jaki ce.

Abin kirki daga rumbu ya fito. Bayan majami'a akwai wanda ake kira rumbun Ubangiji, inda kowane mai bi yake zuba damin zakkarsa da kaka. Dattawan ikilisiya suka buɗe shi, suka ba baƙin dawar da za ta kai su tsakiyar damina, da alkawarin in ta ƙare a ƙara musu har sabuwa ta nuna.

Saura izinin zama. Mai unguwa bai ja magana ba.

"'Yan doka suna zagayawa, suna tambayar waɗanda suka tsallako. Baƙon da yake da shuka a ƙasa nawa ne, zan tsaya masa. Wanda ba shi da ita nasu ne, su san inda za su kai shi."

Maharazu ya san inda za a kai shi.

Ikilisiya ba ta da gona. Mai ƙasa a wurin shi ne Labo, sarkin noman Maguzawa, wan mahaifin Malam Yusufu. Labo bai taɓa yarda da sunan nan Yusufu ba. Mati aka raɗa wa yaron, kuma Mati yake kiransa ko a gaban Baturiya. Malam Yusufu da Maharazu suka same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙota.

"Mati, kai da ka ce duk duniya ta Ubanku ce, yau kai ne da roƙon ƙasa a wurina?"

"Baba, taimako ne."

"Na ji. Ga saurar nan ta gindin ɗorawa, ya noma, aro. Amma ka buɗe kunne. Ɗana Mamuda yana son ya sa auduga a cikinta. In lokacin shukar auduga ya yi ban ga an huɗe ta ba, ta koma hannun ɗana." Ya dubi abin da ke kafaɗar baƙon. "Wannan fa? Mashi ne, ko na kakkaɓo 'ya'yan itace?"

"Hauya ce, Sarkin Noma. Da ita muka noma can."

"A tsaye?"

"A tsaye."

Labo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Allah ya jiƙan bayanku, mutanen Faransa, bai taɓa sanin amfaninsa ba."

A ƙasar su Maharazu rairayi ne. Mutum yana tafe a miƙe yana tura hauya, tana yanke ciyawa a ƙarƙashin yashi, sai ka ce mai korar awaki. Nan kuwa laka ce. In ta sha ruwa sai ta yi nauyi ta kama ƙarfe, ba abin da ke juya ta sai garma, kuma garma sai an duƙa. Ruwa ya sauka. Maharazu ya tura hauyarsa, bakinta ya lanƙwashe. Ya ari garma. Kafin azahar bayansa ya ƙage, sai da Shafa'atu ta zo ta miƙar da shi. Ya yi ta fama har aka ci kasuwar Malumfashi aka sake ci, abin da ya huɗe bai fi filin masallacin ƙauye ba, kunyoyin kuma a karkace kamar sawun maciji.

Kowa ya san magani: gayya. A kira majiya ƙarfi da makaɗa, su taru wuni guda su juye gonar. Musulmin Ƙarfi suna fama da nasu noman, ba su san shi ba, kuma sun ji a gidan mishan yake kwana. Maguzawa za su zo. Sai dai Bamaguje ba ya ɗaga garma a gonar wani sai ya ga tukwanen giya a jere a gindin itace. Giya kuwa ita ce abu na farko da mishan ta haramta, kafin ma a zo maganar tsafi.

Malam Yusufu ya ce zai nuna wa unguwa gayyar masu bi. Ya yi shela ran Lahadi. Waɗanda suka zo su ne dattawa, da tsofaffin zumuntar mata, da wasu samarin Maguzawa da suka ji an ce za a sha nonon Turawa. Aka dama madarar gari a randa, da kauri, don kada a ce masu bi rowa gare su. Samari suka sha ƙwarya ƙwarya, suka ce ba laifi. Aka yi addu'a aka duƙa. Hantsi bai gama dubawa ba ɗaya ya ajiye garma ya nufi daji da sauri, wani ya bi shi, wani ma ya bi. Kafin rana ta take ba kowa a gonar sai garmomi a yashe da tsofaffi suna waƙar yabo. Labo ya sa wa ranar suna gayyar tsuguno. Daga ranar ko ruwan sha Malam Yusufu ya miƙo sai an leƙa cikin moɗar.

Mamuda ya riga ya karɓo irin auduga. Kullum da safe sai ya biyo ta gindin ɗorawa yana taka gonar, yana gaishe da Maharazu da fara'a.

A nan Gwaggo ta shigo maganar. Ƙanwar Labo ce, ita ta goyi Malam Yusufu. A da ba a yi mai dafa giya kamarta ba daga nan har Gozaki. Bayan Baturiya ta warkar mata da ido sai ta yi baftisma ta kife tukwanenta, ta koma jagorar waƙa a majami'a, abin da mashaya suke lissafawa cikin manyan asarorin da mishan ta jawo. Ta iske Shafa'atu tana surfe, ta ɗebi dawar a hannu ta murza.

"'Yar nan, wannan jar dawa ce. Ɓarna ce a yi tuwo da ita."

"To me ake yi da ita, Gwaggo?"

"Ni na tuba, ban san komai ba. Amma da a ce wata ta jiƙa abin da ya rage muku, ta rufe shi ya tsira, da mako mai zuwa gonarku ta huɗu."

Shafa'atu ta kai wa mijinta maganar bayan la'asar. Ya zabura.

"Giya? Da dawar da mutane suka ba mu don Allah? Ni da sallata?"

"Waɗanda suka kama jakinka ma suna salla."

"In aka dafa ta, mi za mu ci?"

"In ba a dafa ta ba, a ina za mu ci?"

Ya ɗauki buta ya fita. Da ya dawo bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya jawo buhun dawar daga ƙuryar ɗaki ya jingine shi a bakin ƙofa, ya koma ya zauna ya ba shi baya yana jan carbi.

Ba a gidan Gwaggo aka yi aikin ba, a gidan Labo aka yi, inda mai bishara ba shi da iko da ko kaza. Ruwa ya yi ta zuba a makon, gari ya yi sanyi, dawar ta ƙi tsira. Gwaggo ta rufa ganye, ta rufa tabarma, shiru. Sai Shafa'atu ta tuna da kayan Amirka. Aka shimfiɗa kwat biyu a kan jiƙaƙƙiyar dawa. Kafin a ankara ta fito da farin gashi kamar gemun tsoho. Gwaggo ta shafa ulun ta ce lallai Turawan nan sun san abin da suke yi. Da aka niƙa aka dafa aka zuba a tukwane, da su aka naɗe tukwanen don ta tashi da wuri.

Maharazu da kansa ya je gayyatar Labo, don haka al'ada take.

"Sai dai ka sani, Sarkin Noma, ni ba ni sha."

"Wa ya roƙe ka? Rabonka ni zan sha maka, sadaka."

Ana gobe gayya sai ga motar Baturiya. Ta zo da abin ɗaukar hoto. Masu bi na Amirka suna son su ga baƙin da suka tufatar. Shafa'atu ta ruga gidan Labo ta bayan danga, ta warware tukwane ta dawo da kwat ɗin. Aka tsayar da miji da mata a ƙofar majami'a cikin ulu har gwiwa, gumi yana ɗiga daga haɓarsu. Malam Yusufu ya matso zai gyara wa Maharazu wuyan kwat. Hannunsa ya tsaya. Ga 'yan fararen saiwoyi maƙale a cikin ulun. Ga kuma wani ƙamshi mai tsami wanda ya san shi tun yana goye a bayan Gwaggo.

Baturiya ta tambaya da Hausarta ta makaranta, "Suna jin daɗin tufafin?"

"Suna aiki da su ƙwarai," in ji Malam Yusufu.

Da ta tafi ya nufi gidan Gwaggo. Ya leƙa madafa, ya leƙa bayan rumbu. Tukwanenta ba sa inda suke a kife. Ita kuwa tana zaune tana kaɗi tana rera waƙar yabo, ba ta ko ɗaga kai ba.

Da safe gona ta cika. Maza sun jeru da garmominsu daga wannan iyaka zuwa waccan, makaɗa suna ɗaure ganga. Tukwane suna gindin ɗorawa, kumfa a bakinsu, Gwaggo a tsaye a kansu da ludayi. Ba wanda ya duƙa tukuna. Ana jira Labo ya ɗanɗana ya ce ta yi.

Sai ga Malam Yusufu da taɓarya a kafaɗa. Ganga ta yi shiru.

"A'a, Mati," in ji Labo, "daka ka koma? Mishan ta mai da kai mace ke nan gaba ɗaya."

Bai kula shi ba. Ya tsaya gaban tukwane.

"Gwaggo, dawar Ubangiji ce wannan."

"Ka ba shi, ko aro ka ba shi?"

"Na ba shi don ya ci."

"To ai ciki za ta shiga. Ka ga na zubar da ko ƙwaya?"

Aka yi dariya. Malam Yusufu ya ɗaga taɓarya. Labo bai motsa daga inda yake zaune ba.

"Fasa su, ɗana. Tukwanen gwaggonka ne, ita za ta yi kuka. Kana fasawa kowa ya saɓa garmarsa. Gobe Mamuda ya sa auduga. Ni ba abin da na rasa sai rabona da na Bafaranshe."

Maharazu ya fito daga bayan mutane. Ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi wa Baturiya ba.

"Malam, kun yi mini alheri, ban manta ba. Dawar ga ba sace ta aka yi ba, ni na ba da ita, da sanina. In ka fasa ba ni da ƙarfin hana ka. Sai dai ka dakata in kwashe iyalina mu kama hanya, kada 'yan doka su iske mu nan. Maƙwabcina can ruwa kawai ya ba baƙin ga masu bindigogi suka sha. Har muka taso matarsa ba ta san inda aka kai shi ba."

Taɓaryar tana sama. Itacen ƙirya ce, ba ta daɗewa a sama. Malam Yusufu ya sauke ta a hankali ya dogara ta a ƙasa.

"Ka san hukuncin," ya ce. "Rumbu ba zai sake buɗe maka ba. Ko tsaba. Ba zan ɓoye wa dattawa ba."

"Na ji, Malam."

"Ke kuma Gwaggo, horo. Ba jibin Ubangiji, ba jagorar waƙa. Benci na baya."

"Can ne iska take shigowa," in ji Gwaggo. Ta tsoma ludayi ta cika ƙoƙo ta miƙa wa wanta.

Labo ya kurɓa, ya rufe ido, ya daɗe a haka.

"Mati, ka faɗa wa Ubanku ya iya zaɓen iri."

Ganga ta tashi. Maza suka duƙa gaba ɗaya. Malam Yusufu ya juya zai tafi, ya ga tafiya ta tsakiyar masu dariya ta fi tsayawa wuya. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya fizge garmar da ke hannun Mamuda.

"Ku ba shi ta yara," in ji Labo. "Hannun alli ne."

Fushi ya yi masa aikin da giya take yi wa sauran. Ya ja kunya ɗaya tun daga ɗorawa har bakin kwari bai ɗago ba, ya juyo da wata, samari suna bin sa suna haki. Makaɗa suka koma yi masa kirari da sunan Mati, bai hana su ba. Da aka tashi hutu kowa ya yi gindin ɗorawa. Mutum biyu kawai suka rage a can gefe ƙarƙashin wata 'yar marke, mai bishara da mai carbi, suna miƙa wa juna tulun ruwa. Kafin la'asar sakaliya gona ta huɗu kakaf. Washegari Maharazu da Shafa'atu suka shuka irin da Labo ya ba su.

Dattawa suka zauna suka tabbatar da hukunci, biyu daga cikinsu suna fama da ciwon kai wanda ba a tambayi dalilinsa ba. Aka liƙe bakin rumbu.

'Yan doka sun zo lokacin da dawa ta kai gwiwa. Mai unguwa ya kai su gindin ɗorawa ya nuna da sanda.

"Mai gona ne. Nawa ne."

Suka sha ruwa suka wuce.

Yunwa ta zo a lokacinta, tsakiyar damina, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba. Shafa'atu ta shiga dafa tafasa da rama. Wata safiya Malam Yusufu ya dire buhu a ƙofarsu.

"Hukuncin dawa ya ambata. Bai ambaci madara ba. Ba mai so a unguwar nan ko kyauta."

Suka sha. Makon farko sun san hanyar daji sosai. Daga baya ciki ya haƙura. Yarinyar har ƙiba ta yi. Maharazu ya rame, wuyansa ya fito, amma ya koyi duƙawa, ya yi noman farko da maimai da garmar aro.

Da kaka gonar ta yi kyau, don ta daɗe ba a nome ta ba. Maharazu ya kai wa Labo damin mai ƙasa. Labo ya karɓa sanye da kwat ɗaya, wanda ya ce ladan tukwanen da aka ajiye a gidansa ne. Ɗayan yana wurin Gwaggo, ta ce don sanyin ƙashi. Maharazu ya kai zakkarsa ga limamin Ƙarfi. Ran Lahadi kuma, ana tashi daga sujada, aka gan shi a bakin rumbun Ubangiji da dami biyu, ɗaya fara ɗaya ja.

Malam Yusufu ya dubi dammunan kamar za su yi kumfa.

"Ba mu bi ka komai ba. Kuma kowa ya san yadda aka huɗe gonar nan."

"Da kai aka huɗe ta, Malam. Ba biya na zo yi ba. Na ji a kasuwa wasu sun tsallako, suna wajen Musawa da yara. In sun iso nan a sami abin ba su."

Mutane suna tsaye suna jira. Malam Yusufu ya hau tsani ya buɗe bakin rumbu, ya miƙo hannu. Gwaggo, wadda bencinta ya sa take riga kowa fitowa, ta ɗaga murya daga ƙasa.

"Mati, jar nan ka ajiye musu ita daban. Ta fi tsira."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya jefa farar ciki. Jar kuwa ya shiga da ita da kansa, ya ɗan jima a ciki kafin ya fito.